Albasa Mai Dogon Wuya

Edita, salamu alaikum, kai da masu karanta wannan shafi. Kafin in ɓata wani bari in fara da kaina, don ni na buɗe ƙofar da ɓarna ta shigo gidanmu, kuma da kwanon dambu ɗaya aka saye ni. A lokacin ina ɗan shekara goma sha shida a Aliero, siriri kamar sillen kara, amma bakina ya fi jikina nauyi. Idan na ga kunama a bayan ɗaki, kafin in kai labarin zaure ta zama kada. Idan na ci kifi ɗaya a kasuwa, a makaranta sai a ji na cinye rabin gulbi. Ba don cuta nake yi ba, dariyar mutane nake so, kuma ina samu. Innata kan ce da ana sayar da surutu a buhu da tuni na gina mata bene.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na wasu miji da mata, katangar ƙasa da damina ta cinye har sai da ta dawo daidai ƙirjin babban mutum. Ba danginmu ba ne, amma na tashi ina kiran mijin Kawu, matar kuma Gwaggo. Kawu mutum ne mai fara'a, irin wanda zai gaishe ka, ya gaishe da gajiyarka, ya tambayi lafiyar akuyarka. Yaya yake kiran Babana, kuma ba ya zama sai Baba ya zauna. Gwaggo ita ce uwar adashin matan unguwarmu, a hannunta ake tara zubi, ga ta da iya girki. Suna da 'yar ƙaramar yarinya da nake goyawa a wuya in zagaya gari da ita. An san cewa a shekarar da ta gabata Kawu ya sayi albasa da yawa ya ajiye, farashi ya faɗi, ya yi asara. Abin da ba wanda ya sani shi ne da kuɗin adashin matan unguwa ya saya, kuma lokacin kwasar wasu ya kusa.

Mu kuwa a wannan shekara fadama ta yi wa Baba kyau. Ya ciro albasa ya cika rudu, wato gadon karan nan da ake ɗagawa sama da ƙasa a zuba albasa, a rufe da ciyawa, a jira ta yi tsada. Abincinmu na shekara, kuɗin makarantata, takin baɗi, duk suna kwance a kan wannan rudu da ke bayan gari. Wata rana na dawo daga makaranta Gwaggo ta leƙo ta katanga ta ce ni ɗanta sarkin labari in zo in ɗanɗana mata dambu ko gishiri ya ji. Ina ci tana yi mini fifita, sai ta tambaye ni cikin wasa ko buhu nawa Yaya ya samu bana. Na ce mata ai Baba kansa bai sani ba, shi ba ya aunawa da buhu sai ranar sayarwa, da ido yake kallo ya ce alhamdulillahi. Na ƙara da cewa ko tirela aka cika daga rudun nan ba zai gane an taɓa ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ƙara mini dambu da man gyaɗa. Na tafi ina ganin na burge.

Ba a daɗe ba Baba ya faɗi da babur a hanyar Jega, wata akuya ta gitta masa, ƙafarsa ta karye a ƙwauri. Garinmu ba a rasa mai ɗori. Aka ɗaure ƙafar da karare, aka ce ya kwanta kada ya kuskura ya taka sai an ba shi izini. To albasar ajiya ba a barinta haka nan. Dole lokaci zuwa lokaci a buɗe rudu, a juya, a tsince wadda ta fara ruɓa kafin ta shafa wa sauran. Na ce zan yi. Baba ya ce gara ya ba akuyar da ta kayar da shi amanar rudu da ya ba ni. Kawu na zaune a bakin tabarma ya sunkuyar da kai, ya ce in dai yana numfashi Yaya ba zai yi tunanin rudu ba, shi zai riƙa dubawa, kuma ko sisi aka ba shi ya yi fushi. Baba har da hawaye.

Daga nan sai ruɓa ta sauka mana irin wadda ba a taɓa gani ba. Duk ranar da Kawu ya je rudu sai ya dawo da kwando cike da ruɓaɓɓiyar albasa, ya dire a gaban Baba, ya ce kaɗan ke nan ya kawo don Yaya ya gani da idonsa, sauran ya zubar. Wanda bai taɓa shaƙar warin ruɓaɓɓiyar albasa ba ya gode wa Allah. Ƙudan unguwarmu kaf sukan rako kwandon, har da baƙi daga Maiyama. Baba yakan toshe hanci da hula ya ce a fita da ita, a fita da ita, Allah ya mayar da alheri. Ba ya ko kallo. Kawu ya fita yana girgiza kai yana cewa zafin bana ne.

Amma ruɓa tana da iyaka, kuma ko da ido ake kiyasi, ranar da Baba ya miƙe zai ga rudunsa ya faɗa fiye da yadda zafi zai iya yi. Kawu da Gwaggo sun san da haka, shi ya sa suka nemo wanda za su ɗora wa. Wata rana Gwaggo ta kawo wa Inna sabuwar atamfa ta ce kyauta ce ta ƙawance, don ta ga wahalar jinya ta rame da ita, amma ta roƙe ta don Allah kada ta faɗa wa kowa inda ta samu, wai Kawu zai yi mata faɗa ya ce tana ɓarna alhali suna cikin matsi. Inna ta yi alkawari, ta ba da ɗinki, ta ɗaura. A kwanakin nan kuma Kawu ya zauna kusa da Baba yana ta jan numfashi kamar mai ciwon haƙori, sai da Baba ya matsa masa sannan ya ce shi ba ya son shiga tsakanin miji da mata, amma ya ga ƙanen Inna na Sarandosa a kusa da rudu da babur da buhuna, ba sau ɗaya ba, kuma da ya yi masa magana sai ya ce yayarsa ce ta aiko shi. Ya roƙi Baba kada ya ambaci sunansa, ya dai lura ko wani sabon abu ya shigo gidan.

Da yamma Inna ta kawo tuwo da sabuwar atamfa a jikinta. Baba ya tambaye ta inda ta samu. Ta ce kyauta ce. Ya ce daga wa, ta ce ta yi alkawari ba za ta faɗa ba. Ina tsakar gida ina jin su. Baba bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce ashe yana kwance da karaya ana cin sa da rai, ita da 'yan'uwanta. Inna ta rantse, ta yi kuka, daga baya ta karya alkawarin ta ce Gwaggo ce ta ba ta. Aka kira Gwaggo ta katanga. Matar nan ta dafe ƙirji ta yi salati, ta ce ita da ko kuɗin sabulu ba ta da shi ina za ta ga atamfa, ta ce wa Inna don Allah Yaya kada ki sa ni a abin da ban sani ba. Washegari Baba ya ce Inna ta je gida ta huta sai ya neme ta. Ni na ɗauki jakarta zuwa tasha. Da ta hau mota, ta ce mini in riƙa juya wa Babana ƙafa a hankali.

Kuma wa ya ci gaba da ba mu abinci? Gwaggo. Ta katanga take miƙo kwano safe da yamma, Baba yana sa mata albarka yana cewa maƙwabcin kirki ya fi ɗan'uwa. Ni ma a lokacin ina cewa amin, don ban gane komai ba tukuna.

Ranar da na gane, Kawu ya kawo kwandonsa kamar kullum, Baba ya ce in kai juji. Ina zubarwa sai na tsaya. Babana yana da wata al'ada da manoman garinmu ke yi masa dariya a kai: idan ana yanke ganyen albasa bayan an ciro, shi ba ya yarda a yanke ƙut, sai an bar mata wuya mai tsawon ɗan yatsa, wai ta nan ruɓa ke shiga idan an gajarta. Ni na san wannan fiye da kowa, don duk albasar da na yanke gajere sai na sha ranƙwashi, har yau tsakiyar kaina akwai kwari. To albasar da ke cikin kwandon nan duk gajeren wuya gare ta. Na tona da kara, na juya, na toshe hanci na sake tonawa. Ko ɗaya babu tamu. Daga baya na ji cewa jujin masu rudu na wajen ƙauyen Kashin Zama yake bi yana kwasowa.

Na ruga gida da gudu, kuma a nan bakina ya sake kashe ni. Maimakon in ɗauko albasa ɗaya in nuna wa Baba wuyanta in yi shiru, sai na ce na kama Kawu dumu-dumu, na gan shi da idona da motoci uku da 'yan dako ashirin suna kwashe rudu. Baba ya tambaye ni yaushe, na ce jiya da azahar. Ya ce jiya da azahar Kawu na nan yana yi masa fifita. Ya ce uwata ta cuce shi, ni kuma zan ɓata mutumin da ke ɗauke da shi, ya jefe ni da buta. Na dawo kan maganar wuya, amma ya riga ya juya fuska bango.

Edita, ban taɓa sanin ina da irin wannan zuciya ba. Na daina wasa, na daina ba da labari, abokaina suka ɗauka ciwon shawara ne ya kama ni. Idan Gwaggo ta miƙo kwano nakan karɓa in ce an gode, in cinye tas, don fushina bai kai ga cikina ba, amma kowace loma da alwashi nake haɗiye ta. Ban nemi kuɗin Baba su dawo ba, wallahi ko tunaninsu ban yi. So nake abin da suka yi wa uwata ya faru a ɗakinsu, su kalli juna su ga maƙiyi, kuma a gaban jama'a.

Ranar kasuwar Jega na gudu daga makaranta na hau bayan motar hatsi. Na san Kawu ba zai sayar a Aliero ba, don dillalanmu sun san ba shi da ko albasar miya. Na same shi a layin 'yan albasa yana ciniki, an kwance bakin buhu, ga 'yan dogon wuya nan suna leƙe kamar suna kirana. Na ɓuya bayan wani mai rake har ya karɓi kuɗi ya tafi. Buhu kaɗan ne. Na riga shi dawowa gida, na wuce wurin Gwaggo kai tsaye na ce yunwa nake ji. Ina ci na ce mata Kawu dai Allah ya buɗa masa, na gan shi a Jega ya sayar da albasa. Ta ce ai ta wani ce aka ba shi dillanci. Na ce to mai ita ya ji daɗi, na ninka mata buhunan, na ninka farashin, na ce kuɗin sun ƙi shiga aljihu sai da ya cusa a hula, kuma na ji yana tambayar wani kuɗin fili a Jega. Ludayin hannunta ya tsaya a iska. Ta tambaye ni buhu nawa na ce, na maimaita ina lasar yatsa. Ba ta ƙara mini abinci ba ranar.

Ban tsaya nan ba. Washegari na tare Kawu a hanyar masallaci na ce masa, da fuskar marar wayo, wai me ake nufi da mutum ya wanke kansa, don na ji Gwaggo tana gaya wa wata mai zubi cewa idan magana ta fito ita za ta wanke kanta, ba ita ke zuwa rudu ba. Fara'ar nan tasa ta zube kamar an kwance zani. Ya ba ni naira ɗari ya ce in sayi alewa. Na karɓa. Kwanaki ina ɗaukar magana daga wannan in kai wa wancan, ƙarya kaɗan, gishiri da yawa. Gidan da ake jin dariya ya koma sai ƙarar kwanuka, dambun Gwaggo ma ya fara ƙonewa.

Da kasuwar Jega ta sake zagayowa na shirya musu. Bayan la'asar na ce wa Baba ɗaki ya yi zafi, na ja tabarmarsa zuwa inuwar katanga. Na bi abokansa uku da mai unguwa na ce Baba na kewarsu, jikin ya motsa. Suka zo, na shimfiɗa musu a wurin, na dafa shayi. Kafin nan na riga na leƙa na gaya wa Gwaggo cewa mai filin Jega ya zo neman Kawu da safe. Muna zaune sai ga ƙarar babur ɗinsa. Ko gama kafe shi bai yi ba ta tare shi. Da farko ƙasa-ƙasa suke, sai muryarta ta tashi. Ta ce ina kuɗin, matan adashi sun hana ta barci shi yana sayen fili. Ya ce ta rufe masa baki, munafuka mai shirin sayar da shi. Ta ce ita ce munafukar, ita da ta sayi atamfa da kuɗin ɗankunnenta ta kori baiwar Allah daga ɗakinta don ta rufa masa asiri? Ta ce wa ya bi juji yana kwasar ruɓa kamar mahaukaci, wa ya ƙirƙiro ƙanen Sarandosa? Mai unguwa ya ajiye kofin shayi. Babana ya riƙe katanga yana son ya miƙe, ƙafar ta ƙi.

Ni kuwa na hau turmi ina leƙe, ina dariya har hawaye. A nan na ji abin da ban shirya ba. Kawu ya ce mata babu fili, babu kuɗi, babu komai, duk abin da ya sayar ya zuba a cacar ƙwallo a wani shago a Jega yana neman ya ninka, an cinye. Ƙaryar da na yi ashe ta fi gaskiyar sauƙi, don fili aƙalla ana iya sayarwa. Gwaggo ta yi kansa da muciya, ya ƙwace ya hankaɗa ta, ta faɗa kan murhu da hannu. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. 'Yarsu tana tsaye a ƙofar ɗaki tana ihu, da ta hango ni a kan katanga sai ta miƙo mini hannu in ɗauke ta, ni kuma bakina a buɗe da sauran dariya.

Maganar ta ƙare a zauren mai unguwa. Aka sayar da babur ɗin Kawu da 'yan kayan ɗaki, matan adashi suka raba da Baba, abin da ya samu bai kai kuɗin taki ba. Da aka buɗe rudu, abin da ya rage bai fi na miyar gida ba. Kawu ya saki Gwaggo ya bar garin, ba wanda ya san inda ya nufa. Ita ta koma wurin danginta a Maiyama da yarinyar, an yi mata ɗori amma hannun bai koma daidai ba. Ranar da aka ba Baba izinin takawa, da sanda ya hau mota zuwa Sarandosa biko, ni na riƙe masa takalmi a ƙofar gidan kakannina yana ba da haƙuri.

Zan yi ƙarya idan na ce na yi nadama gaba ɗaya. Idan na tuna fuskar Inna a tasha, sai in ji da ma katangar ta fi haka gajarta don duk gari su gani. Amma idan na tuna hannun yarinyar nan a miƙe, abinci ba ya yi mini daɗi. Da na ɗauki albasa ɗaya daga juji da ɗaya daga rudu na kai wa mai unguwa, da gaskiya ta fito ba tare da an karya kowa ba. Na san da wannan hanyar tun a lokacin, ban bi ta ba ne don ba za ta yi musu ciwo yadda nake so ba. Ina jan kunnen samari irina masu neman a yi dariya: ku san a gaban wa kuke buɗe cikin gidanku, kuma ku sani duk ƙarin gishirin da kuke yi ana ajiye muku shi, ranar da za ku zo da gaskiya mai zafi ba wanda zai saurare ku. Magidanta kuma, don Allah, idan wani ya zo yana rantsuwa cewa ba ya son shiga tsakaninku da matanku, ku tambayi kanku me ya kawo shi, kafin ku ce wa matar da kuka shekara ashirin tare ta haɗa kaya.

Inna ta dawo bayan an sha fama da kakana. Tana yi wa Baba magana, tana yi masa wanki, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Amma tun daga ranar da ta dawo har yau ba ta sake kai masa abinci da hannunta ba. Idan ta gama tuwo sai ta kira ni, ta ce in kai wa Babana.